A Fasa Kowa Ya Rasa: Yadda Gaba Ke Sa Mutum Ya Kashe Wani Ya Kashe Kansa

A farkon watan Maris na shekarar 2023, a wani sansanin soja da ke Rabah cikin Jihar Sakkwato, wani soja mai igiya ɗaya ya ɗauki bindigarsa ya harbe kwamandan sansanin mai muƙamin laftana, ya harbe wani saje da wani farabiti, sa'an nan ya juya bakin bindigar ya harbe kansa. Runduna ta 8 ta Sojojin Nijeriya da ke Sakkwato ta tabbatar da labarin, ta kuma ce za a yi bincike. Wannan kuwa ba shi ne farau ba. Ran 26 ga Fabrairu 2020, a Malam Fatori ta Jihar Barno, wani kofur ya kashe abokan aikinsa 4, ya ji wa 2 rauni, ya kashe kansa. Kafin wannan, a watan Nuwamba 2017, a Chibok, wani babban saje ya harbe wani kyaftin da ya zo karɓe masa bindiga, shi ma daga baya ya ɗauke ran kansa.

Duk lokacin da irin wannan labari ya iso majalisarmu, amsoshin da akan ji ba su wuce huɗu ba. Wani ya ce hauka ne, wani ya ce aikin Shaiɗan ne, wani ya ce asiri aka yi masa, na huɗu kuma ya ce ƙaddara ce ta riga fata. Daga nan sai a yi salati ko a yi addu'a, a binne gawawwaki, kowa ya kama gabansa. Da yake mai laifin ya riga ya mutu, babu wanda za a gurfanar gaban alƙali, babu shaidun da za a kira, babu ranar da jama'a za su zauna a kotu su ji yadda abin ya faro. Ta haka ne darasin yake shiga kabari tare da mamatan.

A ganinmu, wannan irin kisa yana da tushe da za a iya ganewa. Abu biyu ne suke haɗuwa a zuciya ɗaya. Na farko gaba, wato ƙullatar da mutum ya daɗe yana reno a kan wani. Na biyu yanke ƙauna, wato mutum ya fid da rai daga zaman duniya baki ɗaya. Gaba ita ke nuna wanda za a kashe, yanke ƙauna kuma shi ke cire tsoron abin da zai biyo baya. Dukansu biyu sukan nuna alama tun da sauran lokaci, in akwai mai lura.

ME YA SHAFE MU A BIRNIN KUDU DA GWARAM?

Mai karatu a kudancin Jihar Jigawa yana iya cewa Rabah da Malam Fatori suna da nisa, kuma wannan matsalar bariki ce. To, amma 'ya'yanmu ne suke cikin barikin, soja da ɗan sanda, kuma gida suke dawowa hutu da abin da suka ƙunso a zuci. Bayan haka, kamar yadda za mu gani a gaba, mafi yawan irin wannan kisa a duniya cikin gida yake faruwa, tsakanin miji da mata, nesa da kowane bariki.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu mutum fiye da 310,000, ta ba Gwaram fiye da 270,000, ga shi kuma an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. A shekarar 1992 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka mai suna Peter Marzuk da abokan aikinsa 2 sun tattara binciken da aka yi a kan wannan al'amari, suka ga cewa yakan faru kamar sau 2 zuwa 3 a cikin mutum miliyan ɗaya kowace shekara, kuma adadin bai cika bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa ba. In muka auna ƙananan hukumomin nan biyu da wannan mudu, lissafi zai ba mu sau 1 ko 2 a shekara. Wannan lissafi ne kawai na kwatance, amma ya isa ya nuna mana abu biyu. Abin ba ya yawan faruwa, saboda haka babu dalilin firgita. Kuma bai yi ƙarancin da za mu ce ba zai taɓa zuwa unguwarmu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Littafin farko da ya yi wa wannan batu duban tsanaki shi ne na D. J. West, malami a Jami'ar Kambirij, wanda ya fito a 1965. Ya nuna cewa a Ingila ta wancan zamani, kusan kashi ɗaya bisa uku na masu kisan kai sukan bi da kashe kansu, kuma waɗanda suke kashewa galibi iyalinsu ne. Marzuk kuma ya karkasa al'amarin bisa dangantakar da ke tsakanin mai kisa da wanda aka kashe, ya ga cewa kaso mafi girma shi ne na namiji da ya kashe matarsa ko budurwarsa saboda kishi da zargi, musamman a lokacin da ta ce za ta rabu da shi. Yawanci kuma ba a ɗaukar mako guda tsakanin kisan da mutuwar mai yinsa, sau da yawa ma mintoci ne.

Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne. Wani malamin jami'a ɗan ƙasar Gana, Mensah Adinkrah, ya bi jaridun ƙasarsu daga 1990 zuwa 2009, ya tattara labari 35 na mazajen da suka kashe matansu ko 'yan matansu suka kuma kashe kansu. Dalilan da suka fi fitowa su ne zargin cin amanar aure da yunƙurin macen na barin mijin. A Afirka ta Kudu ma, wani bincike da aka buga a 2008 a kan matan da aka kashe a 1999 ya nuna cewa kusan 1 cikin kowane 5 na mazajen da suka kashe abokiyar zamansu sun kashe kansu cikin mako guda, kuma mallakar bindiga na cikin manyan abubuwan da suka bambanta su da sauran.

A Amurka, wata malamar aikin jinya mai suna Jacquelyn Campbell ta jagoranci bincike a birane 11, aka buga shi a 2003. An gwada matan da mazajensu suka kashe da matan da ake duka amma suna raye, don a ga me ya raba su. An tarar cewa in miji mai duka yana da bindiga a hannu, haɗarin kisa yakan ninka kamar sau 5. In kuma mijin mai tsananin sa ido ne da takurawa, sa'an nan matar ta bar shi, haɗarin yakan ninka kusan sau 9. Wani binciken da ya biyo baya a 2008 ya ƙara da cewa matar da miji ya taɓa shaƙe mata wuya tana cikin haɗarin kisa fiye da sau 7 bisa wadda ba a taɓa yi wa haka ba.

Duk waɗannan alƙaluma magana ɗaya suke yi. Mai irin wannan kisa ba ya faɗa wa wanda ya ci karo da shi a hanya. Yakan nufi mutumin da ya ɗora wa alhakin lalacewar rayuwarsa, mutumin da ya daɗe yana kwana yana tashi da shi a rai. Gabar kuma ba ta kwana ɗaya ba ce. Tana da tarihi na zagi, da duka, da zargi, da barazana, wanda maƙwabta da dangi suka sani sarai.

GABA ITA KAƊAI BA TA ISA BA

Masu gaba da juna suna da yawa a kowane gari, amma kaɗan ne suke kai wa ga zub da jini, kuma cikin masu zub da jinin ma kaɗan ne suke kashe kansu. Misali na kusa da mu shi ne abin da ya faru ran 15 ga Mayu 2024 a Larabar Abasawa cikin Ƙaramar Hukumar Gezawa ta Jihar Kano, inda wani mutum ya watsa fetur a masallaci ana sallar asuba, ya cinna wuta, ya rufe ƙofa. Fiye da mutum 20 suka rasu, da yawansu danginsa ne. Ya shaida wa 'yan sanda cewa rikicin rabon gado ne ya kai shi. Bai kashe kansa ba, an kama shi, kuma a watan Mayu 2025 wata babbar kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke masa hukuncin kisa. A nan mun ga iyakar abin da gaba take iya yi, mun kuma ji dalilin daga bakin mai ita domin ya rayu har ya tsaya gaban alƙali.

Me ke ƙaruwa a kan gaba har mutum ya haɗa da ransa? Wani likita, Milton Rosenbaum, ya gwada iri biyun a birnin Albukaki na Amurka, ya buga sakamakon a 1990. Ya ɗauki ma'aurata 12 da ɗaya ya kashe ɗaya ya kashe kansa, da ma'aurata 24 da aka yi kisa kawai. Kashi 75 cikin 100 na rukunin farko suna fama da ciwon damuwa mai tsanani, a rukuni na biyu kuwa bai sami ko ɗaya ba. Tun a 1938 ma wani likitan, Karl Menninger, ya ce a zuciyar mai kashe kansa akwai buri uku da suke cuɗe da juna, wato son ya kashe, da son a kashe shi, da son ya mutu. A 2014 kuma Thomas Joiner ya kawo hujja cewa a yawancin irin wannan kisa, shawarar mutuwa ce take fara zuwa, daga baya mutum ya ce to ba zai tafi shi kaɗai ya bar wane yana dariya ba, har ya riƙa ganin abin da zai yi a matsayin adalci.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan hali, shi ya sa suke da kalmomin “a fasa kowa ya rasa” da “ƙunar baƙin wake” tun kafin a san bam a ƙasar nan. Mutumin da ya kai wannan matsayi ya gama lissafinsa. Aurensa ya mutu, ko gonarsa ta tafi, ko an ci masa mutunci a gaban na ƙasa da shi, ya kuma ƙudura a ransa cewa babu gobe.

Abin da wannan yake nufi ga hukuma yana da nauyi. Duk lokacin da aka yi mugun kisa, kiran da akan yi shi ne a tsananta hukunci. Hukunci yana da amfaninsa a kan mai son ya rayu. Amma wanda ya riga ya yanke wa kansa hukuncin mutuwa, igiyar rataya ba ta ba shi tsoro. Irin wannan kisa ba shi da magani a bayansa, sai dai a gabansa.

Labarin 'ya'yan Adamu biyu, wanda Kirista da Musulmi duk suka sani, yana da abin lura a nan. Yadda Littafin Farawa ya kawo shi, fushin Kayinu ya bayyana a fuskarsa, har aka yi masa gargaɗi, tun kafin ya fita da ɗan'uwansa Habila zuwa saura. Tsakanin ɓacin rai da zub da jini akwai tazara, kuma cikin wannan tazara ce aikinmu yake.

INDA BABU GABA, DA INDA GABAR TA WANI CE

Gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa ba kowane irin wannan kisa ne yake fitowa daga ƙiyayya ba. Akwai uwar da ciwon taɓin hankali yake kamawa cikin kwanakin jego. Likitoci sun ce yakan sami mace 1 ko 2 cikin kowace haihuwa 1,000. Irin wannan uwa tana iya gaskata cewa duniya ta yi wa jaririnta muni, ta ga cewa tafiya da shi jinƙai ne. Ba ta ƙin ɗanta, ciwo ne ya juya mata tunani, ciwon kuwa yana jin magani in an kai ta asibiti da wuri. Abin takaici, a ƙauyukanmu akan ce iska ce ta taɓa ta, a yi ta hayaƙi da rubutu da addu'a ana barin ta ita kaɗai da jariri a ɗaki. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ya kamata kuma mu tuna cewa mafi yawan masu taɓin hankali ba su taɓa cutar da kowa ba, su ne ma aka fi cuta.

Akwai kuma inda gabar take zuciyar wani dabam. Yankinmu bai manta da 2014 ba, shekarar da 'yan bindiga suka far wa garin Gwaram a watan Afrilu suka kashe 'yan sanda, kuma bama-bamai suka tashi a Azare ta Jihar Bauci a watan Nuwamba. Wata cibiyar bincike ta makarantar sojan Amurka da ke West Point ta ƙirga 'yan ƙunar baƙin wake 434 da Boko Haram ta tura daga 2011 zuwa tsakiyar 2017, ta ce aƙalla 244 mata ne, da yawansu ƙananan yara. A watan Disamba 2014 'yan sandan Kano sun nuna wa manema labarai wata yarinya 'yar shekara 13 da aka ɗaura wa bam aka kai ta Kantin Kwari, ta ƙi tayar da shi. Ta ce mahaifinta ne ya miƙa ta. Wace gaba ce yarinya 'yar shekara 13 take da ita da masu sayar da atamfa? Ƙiyayyar ta waɗanda suka aiko ta ce, su kuwa suna can a ɓoye da ransu. Irin waɗannan yara suna cikin waɗanda aka kashe, bai kamata a lissafta su cikin masu kisa ba.

Mun kawo waɗannan ne domin kowane iri da maganinsa. Mai jego likita take bukata. Yarinyar da aka yi wa ɗamara ceto take bukata. Mai gaba da ya yanke ƙauna kuwa yana bukatar a raba shi da makami, a nisanta shi da wanda yake hari, a kuma duba lafiyar zuciyarsa.

INDA SULHUNMU YAKE TUNTUƁE

Muna da gadon sulhu mai kyau. Daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har fadar Sarkin Dutse, ga limamai da fastoci da dattawan ikkilisiya, ana kashe wutar rigingimu da yawa da ba su taɓa kai wa kotu ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma yawancin saɓani haƙuri ne maganinsa. Amma sulhun namu yana da makafin wurare guda uku.

Na farko, maganinmu ɗaya ne ga kowace cuta. Mace ta yi yaji ta zo gida, sai uba ya ce, “'Yar nan, yi haƙuri ki koma ɗakinki.” In miji ya zo biko da dattijo ɗaya da goro, magana ta ƙare. Ba a tambayarta ko ya taɓa shaƙe ta, ko ya taɓa nuna mata wuƙa, ko ya taɓa cewa in bai same ta ba babu mai samunta. A ikkilisiya ma haka abin yake, sau da yawa tsoron kada aure ya mutu yakan sa a mai da mace inda ranta yake cikin haɗari. Binciken da muka ambata a sama ya nuna cewa lokacin yaji, da lokacin neman saki, da watannin farko bayan rabuwa, su ne mafi haɗari. Daidai lokacin da muke cewa ƙura ta lafa, lokacin ne ya kamata a fi sa ido.

Na biyu, muna ɗaukar shiru a matsayin lafiya. An koya wa namiji cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, saboda haka ba ya kuka, ba ya faɗin abin da ke cinsa. Mutumin da ya yi wata da watanni yana surutu a kan zaluncin da aka yi masa, sa'an nan rana ɗaya ya yi tsit, ya biya basussukansa, ya raba kayansa, ya shiga neman gafarar mutane ba tare da wata tafiya a gabansa ba, wannan ba lalle ne ya huce ba. Yana yiwuwa ya gama yanke shawara ne.

Na uku, muna barin gado da iyakar gona su kwana shekara da shekaru. Uba ya rasu, babban wa ya riƙe gona da sunan riƙon amana, ƙanne suna kallo, kowace damina ana ƙara ƙulli a kan ƙulli. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Abin da ya faru a Gezawa ya isa gargaɗi ga kowane gida da yake da gadon da ba a raba ba.

Ita ma doka ta taimaka wajen rufe bakin mutane. Sashe na 231 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Wane ne zai kai ɗan'uwansa wurin hukuma ya ce yana maganar mutuwa, alhali yana tsoron a ɗaure shi? Ƙasar Gana ta soke irin wannan doka a 2023. A 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamitin da zai bi hanyar soke ta a Nijeriya. Amma gyaran dokar laifuffuka ta jiha aikin Majalisar Dokoki ta Dutse ne, kuma wakilan Birnin Kudu da Gwaram suna da baki a ciki.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, duk mai zaman sulhu tsakanin miji da mata, liman ne ko fasto ko mai unguwa, ya ji ta bakin macen ita kaɗai, tare da wata dattijuwa, ba a gaban mijin ba. Ya tambaye ta a fili game da shaƙewa, da makami, da barazanar kisa, da ko mijin ya taɓa cewa zai kashe kansa. In amsar ɗaya daga ciki i ce, to maganar ta wuce ta biko. A bar ta wurin iyayenta, a sanar da 'yan sanda. Jihar Jigawa ta sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane a 2021, dokar kuwa domin irin wannan rana aka yi ta.

Na biyu, a daina ɗaukar maganar mutuwa a matsayin cika baki. Wanda ya ce “duk mu mutu” ko “sai dai a rasa mu duka” a zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Masana sun tabbatar cewa tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita take buɗe masa ƙofar magana. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma raka shi asibiti.

Na uku, a nisanta shi da abin da zai yi ɓarna da shi. Bindigar farauta ko ta sintiri, da maganin feshi na gona, da galan ɗin fetur, a ba wani babba ajiya har ƙura ta lafa. Wannan ba ƙaramar dabara ba ce. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi dafi, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Hukumar NAFDAC ma ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni a 2019 saboda wannan dalili. Mugun nufi yakan zo da zafi ya wuce, in abin aikatawa bai kusa ba.

Na huɗu, magani ya matso kusa da jama'a. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200. Asibitin masu taɓin hankali na jiha yana Kazaure, wanda mutumin Gwaram sai ya ratsa ta Kano kafin ya kai. Tun 1991 manufar gwamnati ta ce a sa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, kuma a Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Muna kira ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha su haɗa hannu su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi, yadda za su gane ciwon damuwa da ciwon jego su tura mai shi inda ya dace.

Na biyar, hukumomin soja da na 'yan sanda su dubi yadda ake barin mutum shekara da shekaru a bakin daga ba canji, su kuma buɗe hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai kuka a kan na gaba da shi ba tare da tsoro ba. Sakamakon binciken Rabah da na Malam Fatori ya kamata iyalan mamatan da sauran jama'a su san shi.

Na shida, mutuwar mai laifi kada ta zama ƙarshen bincike. A watan Maris 1996, a garin Dunblane na Birtaniya, wani mutum da ya yi fiye da shekara 20 yana ƙullace da hukumomi da mutanen gari ya shiga makarantar firamare ya kashe yara 16 da malamarsu, ya kashe kansa. Ba a ce tunda ya mutu magana ta ƙare ba. An naɗa alƙali ya yi bincike a bainar jama'a, aka gano koke-koken da aka yi ta kaiwa a kansa ba a ɗauki mataki ba, kuma a 1997 aka hana mallakar ƙananan bindigogi. Mu ma, in irin wannan ta faru, ya kamata hakimi da baturen 'yan sanda da likita su zauna su tambayi wa ya ji, wa ya gani, ina aka yi sakaci, domin gyara ba domin tozarta kowa ba.

Daga ƙarshe, a tuna da waɗanda aka bari. Yaron da ubansa ya kashe uwarsa ya kashe kansa ya rasa iyaye biyu a rana ɗaya, ga dangin uwa da dangin uba sun zama abokan gaba a kansa, ga gorin da zai tashi da shi. In ba a rungume shi ba, an shuka wata sabuwar gabar ke nan. Wannan aiki ne na zumuntar mata, da kwamitin masallaci, da malaman makaranta, da kowane maƙwabci.

Jama'a, a cikin kowace unguwa akwai gidan da kowa ya san ana kwana da wuta a cikinsa. Shiga tsakani yana da wuya, ana iya ce maka mai shisshigi. Amma zagin shisshigi ya fi zaman makoki sauƙi. Allah ya ba mu idon gani da ƙarfin halin yin magana tun da sauran lokaci, amin.